Suna Ƙirga Ambato, Muna Ƙirga Kaburbura

Duk shekara, da zarar damina ta fara naɗe tabarmarta, akwai wani biki da ake yi a shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp na 'yan boko. Sai ka ga an liƙa hoton wani farfesa sanye da rigar digiri, a ƙasa an rubuta cewa ya shiga sahun kashi 2 cikin 100 na manyan masana kimiyyar duniya, wai Jami'ar Stanford ta Amurka ce ta tantance shi. Jami'arsa ta fitar da sanarwar taya murna, 'yan garinsu su ce ɗansu ya fitar da su kunya, ɗalibai kuma su yi ta jero addu'o'in ƙarin basira. A cikin ɗaruruwan masu tafin nan da wuya ka samu mutum guda da zai tsaya ya tambayi abin da malamin ya bincika, balle wanda binciken ya amfana.

Ba hassada ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. A cikin masu shiga jerin akwai waɗanda suka yi aiki tuƙuru, kuma sun cancanci a jinjina musu. Da mudun nake rigima, musamman idan aka ɗauko shi za a auna masanin lafiyar muhalli, wato mutumin da aikinsa shi ne gano abin da ke kashe mu a cikin ruwan da muke sha, da iskar da muke shaƙa, da ƙasar da 'ya'yanmu ke rarrafe a kai. Auna irin wannan mutum da yawan maƙalunsa da yawan ambaton da aka yi musu kuskure ne mai tsada, kuma mu 'yan arewacin Najeriya muna da kaburburan da za su ba da shaida.

Mene ne ake ƙirgawa?

Bari mu fara warware zare da abawa. Idan manazarci ya rubuta maƙala, a ƙarshenta yakan jero ayyukan da ya duba. Duk aikin da sunansa ya fito a wannan jeri an ambace shi sau ɗaya ke nan, ko yabonsa aka yi, ko ƙaryata shi aka yi, ko kuwa kwafo sunan kawai aka yi daga wata maƙalar ba tare da an buɗe shi ba. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya fara fitar da kundin ambato na kimiyya a 1964, domin mai bincike ya samu sauƙin bin sawun waɗanda suka yi rubutu a kan abin da yake nema. A 2005 kuma wani masanin fiziks, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro abin da ake kira ma'aunin h. Lissafinsa ba wuya: idan kana da maƙala 20 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 20, ma'auninka 20 ne.

Shi ma jerin kashi 2 cikin 100 ɗin ba lambar yabo ba ce da Jami'ar Stanford ke bayarwa. Wani malaminta ne, John Ioannidis, shi da abokan aikinsa suka fara tattara shi a 2019 daga alƙaluman rumbun Scopus, mallakar kamfanin ɗab'i na Elsevier. Kwamfuta ce ke yin lissafin, ba wanda ya zauna ya karanta maƙala ko guda. Garfield tun yana raye ya sha jan kunnen mutane kada su ɗauki lambar mujalla su auna mutum da ita, Hirsch ma daga baya ya rubuta da hannunsa cewa ma'aunin nasa yana iya yin mummunar ɓarna. Masu mudun sun ce a yi hattara da shi, amma kwamitocin ƙarin girma na jami'o'inmu sun rungume shi hannu bibbiyu. Malami ba ya matsawa daga mataki zuwa mataki sai ya kawo maƙala kaza, kaza daga ciki a mujallun waje, sannan a buɗe shafinsa na Google Scholar a ga lambarsa.

Maƙalu biyu na mutum ɗaya

Mu ɗauki misalin masani guda wanda ba mai shakkar girmansa, kuma ɗan ƙasar nan. Farfesa Jerome Nriagu haifaffen kudu maso gabashin Najeriya ne. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Ibadan, ya yi na uku a Toronto, ya shafe shekaru yana aiki da hukumar muhalli ta Kanada kafin ya koma sashen lafiyar muhalli na Jami'ar Michigan a Amurka. Ya rubuta littafi a 1983 a kan gubar dalma a zamanin dā, shi ne kuma babban editan wani ƙaton kundin sanin lafiyar muhalli da ya fito a 2011. A 1988 shi da Jozef Pacyna suka buga wata maƙala a mujallar Nature, inda suka ƙiyasta yawan dalma da zaiba da sauran ƙarafa masu guba da ɗan Adam ke zubawa a iska da ruwa da ƙasa a duniya baki ɗaya. An ambaci wannan maƙala sau dubbai, har gobe ana ambatonta.

Wannan mutum dai, a 1996, ya buga wata maƙalar tare da abokan aikinsa suna gargaɗin cewa gubar dalma a jikin yaran Afirka matsala ce da ke ƙaruwa ba tare da an kula ba. A 1997 suka fitar da sakamakon gwajin jinin yara 'yan shekara 1 zuwa 6 a garin Kaduna. Matsakaicin dalmar da suka samu shi ne maikirogiram 10.6 a kowane desilita na jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, alhali a lokacin daga 10 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke cewa akwai damuwa. Kashi 2 cikin 100 na yaran sun haura 30. Abin da ya fi alaƙa da yawan dalmar a jinin yaro shi ne idan gidansu na da mota, ko kuma gidan yana bakin titin kwalta, domin a zamanin man fetur ɗinmu yana ɗauke da dalma, hayaƙin salansa kuma yana sauke ta a ƙurar hanya.

A ma'aunin ambato, maƙalar Kaduna ba ta kama ƙafar ta 1988 ba, ko kusa. Dalilin kuwa a fili yake. Duk mai rubutu a kan ƙarafa masu guba, a Sin yake ko a Jamus, yana buƙatar jimla ɗaya a gabatarwarsa da za ta ce matsalar ta game duniya, sai ya jingina ta da maƙalar 1988. Yaran Kaduna kuwa marubuta nawa suka dama? Ambato yana bin inda ɗakunan gwaji suka yi yawa da inda ake da kuɗin buga rubutu. Yana gaya maka marubuta nawa ne ke sana'a ɗaya da kai. To amma ga uwar da ke Tudun Wada ko Kawo, wadda ɗanta ke wasa a bakin titi, wacce ce a cikin maƙalun biyu ke magana da ita kai tsaye? Idan mudunka ya ce wadda ta shafi ɗanka ita ce ƙarama, to mudun ba domin kai aka sassaƙa shi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka Nriagu nake zargi. Shi ya sauke nauyin da ke kansa: yana zaune a ƙasar waje cikin daraja ya waiwayo gida, aka ɗebi jinin yara, ya rubuta gargaɗi. Ire-iren wannan bincike ne suka taru har ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka yi alƙawari a Dakar a 2001, suka kuma daina amfani da fetur mai dalma zuwa farkon 2006. Tambayar tana kanmu ne. Daga 1997 zuwa 2010 shekara 13 ne. A cikinsu me muka yi da sanin cewa dalma tana cikin jinin 'ya'yanmu?

Abin da ya faru a Anka da Bukkuyum

Dalma ba ta da wari, kuma a farko ba ta nuna alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da za a kira mara illa a jikin mutum, kuma cikin yaro yana tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar na yadda na babba ke yi. 'Yar kaɗan tana dakushe ƙwaƙwalwa ta rage jini, yaro ya tashi ba ya gane karatu ana ce masa daƙiƙi. Idan ta yi yawa sai amai da taune-taune da suma, daga nan sai mutuwa.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na-gari Na Kowa da ke sa ido a kan sanƙarau a jihar Zamfara suka samu labarin yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, yara ba su daina mutuwa ba. Sai da aka tura jini ɗakin gwaji a Turai sannan aka tabbatar dalma ce. Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya har ya haura dala 1,000 kowane oza, mutanen karkara suka duƙufa haƙa, ashe dutsen da ke ɗauke da zinaren cike yake da dalma. Ana kwaso shi a kawo cikin gida, a farfasa, a daka a turmi ko a zuba a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi ɗakuna da kwanonin abinci, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki.

Tawagar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da ƙwararrun Najeriya sun bi gida-gida a ƙauyuka biyu. A cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. A cikin masu ran da aka gwada, kashi 97 cikin 100 dalmar jininsu ta kai 45 ko ta wuce, adadin da ake fara ba da maganin fitar da guba. Na'urar gwajin tafi-da-gidanka iyakarta 65, a kan yara da yawa sai dai ta nuna cewa abin ya wuce lissafinta. A wasu wuraren ƙasar da aka auna ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, ma'ana kashi ɗaya cikin goma na ƙasar dalma ce zalla, a lokacin da Amurka ta ƙayyade 400 ga filin wasan yara. Aƙalla yara 400 suka rasu. Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Bagega: sunaye ne da ya kamata duk ɗalibin lafiyar muhalli a ƙasar nan ya haddace su kafin ya san lambar kowace mujalla.

A ranar da yaron farko ya fara taune-taune a Dareta, akwai dubban maƙalu a kan dalma jibge a ɗakunan karatu na duniya, wasunsu an ambace su sau ɗaruruwa. Tun 1979 likita Herbert Needleman ya nuna illar 'yar ƙaramar dalma ga fahimtar yara ta hanyar auna haƙoran da suka famfare. Maganin da aka ba yaran Zamfara sananne ne tun kafin a haife su. Ba wani sabon ilimi da aka rasa. Abin da aka rasa shi ne wanda zai ɗauko ilimin daga takarda ya kai shi ga malamin asibitin karkara, da duba-gari, da mai unguwa, da mai injin niƙa. Wannan ɗan aike shi ne tsarinmu bai tanadar wa maki ko ɗaya ba.

Dubi ayyukan da suka tsayar da mutuwar. An kankare saman ƙasar gidaje aka kwashe aka binne, aka zubo sabuwa. An fitar da daka da niƙan dutse daga cikin gari, da goyon bayan sarakuna. An yi ta ba yara magani zagaye bayan zagaye. Ba a fara ba yaro magani sai an share gidansu, domin in ya koma cikin ƙurar an yi aikin baban giwa. Shi ya sa Bagega, wadda ta fi sauran girma, ta zauna jira: gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850 a watan Mayu na 2012, kuɗin ba su fito ba sai Janairun 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun tayar da ƙura a intanet. Daga baya a jihar Neja, inda irin wannan annoba ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi a 2015, wani gwaji ya nuna cewa fesa ruwa a lokacin niƙan dutse yana rage dalmar da ke tashi a iska da kusan kashi 95 cikin 100. Binciken fesa ruwa ba zai kai kowa jerin Stanford ba, amma ka tambayi uban da ke niƙan dutse wanne ya fi masa.

Wanda aka fi ji da wanda ya fi gaskiya

Tarihin dalma kansa ya isa ya koya mana tsoron ƙirga muryoyi. An fara zuba ta a fetur a Amurka a 1923. Kusan shekara arba'in bayan haka, babban mai faɗa a ji a fagen shi ne Robert Kehoe, likitan kamfanin da ke sayar da sinadarin, wanda kamfanonin mota da na sinadarai ke ɗaukar nauyin ɗakin gwajinsa a Cincinnati. Ya yi ta rubutu yana cewa dalmar da ke jikin mutane ta halitta ce, kuma muddin ba ta wuce wani adadi ba babu matsala. Kowa shi yake jinginawa da shi. Wanda ya rushe wannan gini ba likita ba ne ma. Clair Patterson masanin duwatsu ne da ya auna shekarun duniya, ya samu biliyan 4.55, a cikin aikin ya lura dalma ta gurɓata komai har ɗakin gwajinsa. A 1965 ya rubuta cewa dalmar da ke jikin Amurkawa ta ninka ta halitta kusan sau ɗari. Sakamakon da ya samu shi ne masu harkar mai suka janye tallafinsu, a 1971 kuma aka kafa kwamitin ƙasa a kan dalmar iska aka bar shi a waje. Da za a ƙirga wanda aka fi dogara da shi a wancan zamani, Kehoe ne zai lashe, kuma yara ne suka biya. Sai a 2021 aka sayar da litar ƙarshe ta fetur mai dalma ga motoci, a Aljeriya.

A garin Flint na Amurka ma, a watan Satumban 2015, likitar yara Mona Hanna-Attisha ta gano dalma ta ƙaru a jinin yara bayan an sauya wa garin hanyar ruwan sha. A al'adar masana kamata ya yi ta jira mujalla ta tantance aikin, abin da kan ɗauki watanni. Ta kira 'yan jarida ta faɗa. Jami'an jiha suka yi mata ca, bayan 'yan kwanaki suka amince da alƙalumanta, a watan Oktoba aka mayar da garin kan tsohon ruwansa. Maƙalar ba ta fito ba sai daga baya. Ranar da ta fi kowace amfani a rayuwar aikinta ba ta da gurbi a Scopus.

Kasuwar lambobi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar an ce lamba ce ke ba da kujera, mutane za su koyi noman lambar. A 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri wani masani na bogi mai suna Ike Antkare, ya sa manhaja ta rubuta masa maƙalu sama da ɗari na shirme, kowacce tana ambaton 'yan uwanta. Google Scholar ya ba shi ma'aunin h na 94, sama da Einstein. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998, wadda ta ɗora wa allurar rigakafin ƙyanda laifin da ba nata ba, mujallar Lancet ta janye ta a 2010, amma an ambace ta fiye da sau dubu, domin har masu ƙaryata ta suna ƙara mata lamba. A 2023 kaɗai an janye maƙalu sama da 10,000 a duniya. A wannan shekarar dai kamfanin Clarivate ya cire fannin lissafi kacokan daga jerinsa na waɗanda aka fi ambato, saboda maguɗin ambato ya yi yawa.

Mu ma nan gida mun iya namu salon. Akwai sa-ni-in-sa-ka, inda malamai biyar za su haɗa kai kowa ya rubuta ɗaya ya sa sunan sauran, kowa ya tashi da biyar. Akwai yanka bincike ɗaya gunduwa-gunduwa kamar naman tsire, kowace gunduwa ta zama maƙala. Akwai mujallun ci-da-ceto da za ka tura musu kuɗi yau su buga maka jibi. Waɗanda suka ƙi bin wannan hanya kuma suna fuskantar kuɗin bugawa a manyan mujallu, wanda a wasunsu ya haura dala 10,000, albashin farfesan Najeriya na watanni masu yawa.

A fagen lafiyar muhalli abin ya fi ciwo. Je ka bincika sunan Challawa ko Jakara a intanet tare da kalmar ƙarafa masu guba, ka ga yawan maƙalun da za su zubo. An auna ruwan da majemu da masana'antun Kano ke saki, an auna latas da alayyafon da ake ban-ruwa da shi, an auna kifi, an auna laka. Kogunan nan biyu sun ba mutane da yawa digiri. Sau nawa aka koma wurin mai lambun aka ce masa ga abin da muka samu a gonarka? Ɗalibi zai ɗebi ruwan rijiyar mutane, ya gano ba ya shawuwa, ya buga da Turanci a mujallar da ba wanda zai buɗe a unguwar, ya samu makinsa, masu rijiya kuma su ci gaba da sha. Wannan shi ne taron tsintsiya ba shara. In ka cire sunan ilimi daga kai, abin da ya rage shi ne mutum ya ga rami a gaban makaho ya je ya ba abokansa labari.

Ga ƙaramin misali da ke cikin ɗakin kowace uwa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoton wani jariri ɗan wata shida a Boston, ɗan iyaye 'yan Najeriya, da aka samu dalma a jininsa. Da aka bi diddigi sai aka gano tozalin da ake sa masa ne, kuma da aka auna shi kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Tozalin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa a zuba a tandu, asalinsa ma'adinin dalma ne. Masana sun daɗe da sanin haka. Ungozoma nawa suka sani?

Masu cewa lamba ba ta son kai

Na san abin da wasu malamai za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce a ƙasar da ake ba da matsayi don ɗan wane ko ɗan garinmu, lamba ce kaɗai garkuwar mara gata, domin ba ta san ƙabila ba. Za su ce masani ba kwamishina ba ne, aikinsa ya gano ya rubuta, aiwatarwa ta gwamnati ce. Za su ce wani binciken sai bayan shekara talatin ake ganin amfaninsa, su kawo Patterson ɗin nan da ya faro daga auna shekarun duniya.

Ba wanda ya ce a daina buga maƙala, ko a daina bari ƙwararru su tace ta. Ba don alƙaluman da aka tattara da kyau aka buga ba, da ba mu san ɗaya cikin huɗu na yaran ƙauyukan nan biyu sun mutu ba. Amma lambar da ba ta san ƙabila ba ta san mai kuɗin bugawa, ta san wanda ke da abokai a Turai, ta san shugaban sashe da ake dole a sa sunansa a aikin kowane ɗalibi. Son kai bai fita ba, riga ya sake. Batun cewa masani ba mai aiwatarwa ba ne kuwa, hujja ce ga masanin taurari. Wanda ya zaɓi lafiyar jama'a ya ɗauki alƙawari irin na likita, kuma likitan da ya ga cuta a jinin majinyaci ya ƙi gaya masa ba wanda zai kira shi gwani. Patterson ma ba a ɗakin gwaji ya tsaya ba. Ya je gaban kwamitin Majalisar Dattawan Amurka a 1966 ya faɗi abin da ya gani, ya kuma sha wuya a kai.

Sannan ba gaskiya ba ne cewa amfani ba ya aunuwa. Lafiyar muhalli tana cikin fannonin da suka fi sauƙin aunawa. Nawa ne dalmar jinin yara kafin aiki, nawa ne bayansa? Rijiya nawa aka rufe ko aka gyara? Wace doka aka sauya? Wasu ƙasashen sun riga sun kama hanya. Tun 2012 masana suka tsara sanarwar San Francisco da ke neman a daina auna mutum da lambar mujalla, dubban cibiyoyi da ɗaiɗaikun masana sun sa hannu. A Birtaniya, a tantancewar jami'o'i ta 2021, kashi 25 cikin 100 na maki ya tafi ne ga shaidar tasirin bincike a wajen jami'a. Sin, wadda ta daɗe tana ba malamai tukuicin kuɗi a kan kowace maƙala, ta umarci jami'o'inta a 2020 su daina. Masu kayan sun fara ajiyewa, mu kuma yanzu muke ɗauka muna rawa.

Mudun da ya dace

Abin da nake nema ba ya buƙatar sabon kasafi. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa da majalisun jami'o'i su sauya ƙa'idar ƙarin girma a wannan fanni: mai neman kujera ya zaɓi ayyukansa uku ko biyar da ya fi alfahari da su, masu tantancewa su karanta su daga farko har ƙarshe, ya kuma kawo shaidar abin da ya sauya a dalilinsu. Asusun TETFund ya sa sharaɗi cewa duk wanda ya ɗebi jini ko ruwa ko ƙasar wata al'umma da kuɗin jama'a, ba za a rufe fayil ɗinsa ba sai ya koma ya gaya musu sakamakon da harshen da suke ji, ya kuma miƙa shi a rubuce ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Shiri na minti talatin a gidan rediyo, ko takarda mai shafi ɗaya da Hausa da ajami da aka raba wa masu injin niƙa, ko horar da duba-gari ashirin, a ba su maki na gaske, kada a jefa su a kwandon hidimar al'umma da ba mai dubawa. 'Yan jarida kuma, kafin ku buga cewa wane ya shiga jeri kaza, ku nemi ya bayyana muku bincikensa ɗaya cikin jimla uku da kakarku za ta gane.

Lokaci ba ya jiranmu. An ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a ƙarshen 2024, farashin zinare ya ninka abin da yake a 2010, ana haƙa a Neja da Kebbi da Kaduna, ana fasa tsofaffin baturan mota a bayan kasuwanni. Ƙungiyar likitocin da ta riƙe aikin Zamfara ta miƙa shi ga hukumomin jihar tun 2022. Idan wani yaro ya fara taune-taune a wani ƙauyen haƙa a wannan daminar, abin da zai raba shi da kabari shi ne ko malamin asibitin da aka kai shi wurinsa ya taɓa jin labarin dalma, kuma ko akwai na'urar gwaji a kusa. Duk jami'ar da ke da sashen lafiyar muhalli a arewa ta tura ɗalibanta su ƙirga asibitocin yankinta da ke iya wannan gwaji, ta buga mana adadin da Hausa, mu gani.